Tsauni da Kasuwa: Waiwaye a kan Tarihin Ƙauyukan Kan Dutse na Ƙasar Mariga a Masarautar Kontagora

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tarihi da al'adun ƙauyukan da suka zauna a kan duwatsun yankin Kasuwan Garba, cikin Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, da maƙwabtansu na ƙasar Sakaba a Jihar Kebbi. An ɗauki tsaunukan Acipawa, musamman Karishen, a matsayin abin misali. Ra'ayin da ya fi yawo shi ne cewa hare-haren gidan Nagwamatse ne suka kora mutanen nan kan duwatsu. Maƙalar ta auna wannan ra'ayi da bayanan matafiya, da rahotannin Turawan mulki, da binciken masana harshe. Sakamakon ya nuna cewa zaman kan dutse ya girmi Masarautar Kontagora, kuma dutsen mazaunin sarauta ne da tsafi da kakanni kafin ya zama mafaka. Haka nan kasuwar gindin dutse tsohuwar abokiyar zamansa ce, ba baƙuwar da Turawa suka kawo ba.

Fitilun kalmomi: Acipawa, Kamukawa, Karishen, Kontagora, Magiro, kufai.

1.0 Gabatarwa

Kasuwan Garba na ɗaya daga cikin garuruwan kasuwa na Ƙaramar Hukumar Mariga, wadda hedkwatarta ke Bangi, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000. Ƙasa ce ta Kamukawa da Acipawa da Kambarawa, tare da Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Damina na kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, dawa ce uwar abinci, kuma kaɗanya da ɗorawa ne itatuwan da manomi ba ya sarewa idan yana sharar gona. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne duwatsun da suka yi tsiri a tsakiyar fili, wasu masu sulɓi, wasu tarin manyan duwatsu da bishiyoyi a tsakaninsu.

Uku daga cikin mazaɓun Mariga, wato Kumbashi da Kakihum da Maburya, suna ɗauke da sunayen tsofaffin mazaunan Acipawa. Akasarin jama'ar yanzu a fili suke, kusa da hanya da kasuwa da rijiya. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ya kai kakanninsu sama, kuma me suka bari a can da suka sauko?

2.0 Madogaran bincike da rauninsu

Rubutattun bayanai a kan wannan yanki kashi uku ne. Akwai na farkon mulkin mallaka: littafin O. Temple da C. L. Temple a kan ƙabilun lardunan Arewa na 1919, da kundin Lardin Kontagora na E. C. Duff na 1920, da rahoton A. B. Mathews a kan Acipawa na 1926, wanda ba a buga ba. Akwai na tsakiya, wato aikin Harold Gunn da F. P. Conant na 1960 a kan al'ummomin tsakiyar Neja, da na Hogben da Kirk-Greene na 1966 a kan masarautun Arewa, waɗanda suka dogara ƙwarai da na farkon. Sai na masana harshe na baya-bayan nan, irin su Roger Blench, da Stuart McGill wanda ya kammala digirinsa na uku a kan harshen Acipawa a Landan a 2009.

Kashi na farko na da lam'a biyu. Turawan da suka ci Kontagora a 1901 suna buƙatar hujjar yaƙinsu, kuma hujjar ita ce kamun bayi, don haka duk abin da suka gani a ƙasar sai su danganta shi da wannan. Na biyu, ta bakin tafinta Bahaushe suka ji mutanen, sau da yawa a gaban wakilin hakimi. Talakan da aka sauko da shi daga dutse, aka tsayar gaban Bature da dogari, ba zai buɗe cikinsa a kan tsafin gidansu ba. Wannan ba ya zubar da darajar rahotannin, amma yana wajabta a karanta su da taka-tsantsan.

3.0 Gidan Nagwamatse da abin da ba a musu a kansa

Umaru Nagwamatse ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jika ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan zamansa a ribaɗoɗin ƙasar Sakkwato ya yiwo kudu da mayaƙansa, aka ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi na shekara huɗu, sannan Ibrahim ya hau a 1880. A zamanin Ibrahim ne hari ya kai maƙura, har Birnin Gwari ta sha kashi a ƙarshen ƙarnin. Turawa sun shiga Kontagora a Janairun 1901, suka kama Ibrahim a 1902, suka maido shi kan gado a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929.

Babu mai hankalin da zai rage girman ɓarnar waɗannan shekaru. Garuruwa sun zama kufai, kuma ƙarancin jama'ar da aka san tsohon Lardin Neja da shi yana da nasaba da su. Dutse kuwa ya ceci rayuka. Ƙarfin maharan a kan doki yake, doki kuma ba ya hawa sulɓi. Mahayi in ya sauka ya zama dakare, ga shi a ƙasa, ga mai kibiya mai dafi a samansa, ga duwatsun da ake gangarowa. Dabarar da ta rage wa mahara ita ce su ƙone amfanin da ke gindin dutse, ko su tsare mashaya su jira ƙishirwa ta yi musu aiki. Wasu al'ummomin sun gwammace su karɓi amana su riƙa biyan gandu. Har nan ra'ayin da aka saba da shi yana kan hanya. Inda ya kauce shi ne da ya mai da 1859 mafarin zance.

4.0 Shaidun da suka girmi 1859

Shaida ta farko daga Saliyo take. A 1854 Sigismund Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe, ya buga littafinsa Polyglotta Africana, wanda ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun. A ciki akwai jerin kalmomin Kamuku da na Kambari da na Basa. Ke nan an kama mutanen wannan yanki, an bi da su har bakin teku, an ɗora su a jirgi, shekaru kafin a naɗa Nagwamatse. Yankin na tsakanin Katsina da Zazzau da Yawuri da Nupe, kuma kowannensu ya taɓa miƙo hannu. In tsoro ne ya hau da mutane dutse, to tsoron tsoho ne.

Shaida ta biyu ita ce tafiyar Hugh Clapperton ta 1826. Da ya ƙetare Kwara ya bi ta Kulfo, ya ratsa ƙasar Kotonkoro ya yada zango a Wamba, ya wuce Birnin Gwari da Zariya zuwa Kano. Kotonkoro da Wamba duka a cikin Mariga ta yau suke. Hanyar da ya bi ta fatake ce, ta masu zuwa Gwanja sayen goro, wadda Paul Lovejoy ya yi wa cikakken nazari a 1980. Ayari na buƙatar hatsi da ruwa da ciyawar jakuna, kuma masu noma hatsin nan su ne mutanen duwatsu da na gefensu. Saboda haka hoton ƙauyen da ya kulle kansa a sama, bai san kowa ba sai ranar da Bature ya zo, bai dace da abin da aka rubuta ba. Ana hawa ana sauka, ana ciniki, ana jin Hausa gwargwadon buƙata.

Shaida ta uku, wadda a ganin wannan maƙala ta fi sauran nauyi, ita ce ta harshe. Acipawa suna kiran kansu Acipu, harshensu kuma Cicipu, kuma an ƙiyasta masu magana da shi sun kai 20,000. Sun kasu gida bakwai, kowane gida da tsauninsa da karin harshensa: Karishen, Maburya, Kumbashi, Kakihum, Kadonho, Kadedan da Mazarko. Tsakanin 1859 da 1901 shekara 42 ce. Harshe ba ya rabuwa gida bakwai a cikin rayuwar mutum ɗaya. Kafin karin magana ya bambanta har a san ɗan wane dutse ne da jin bakinsa, sai an yi zuriya bayan zuriya ana zaune wuri guda, ana aure ana binne mamata a nan. Haka abin yake ga Kamukawa, waɗanda Hausawa ke yi wa suna ɗaya alhali rassa ne da dama, kamar Cinda da Regi da Kuki. McGill ya nuna a 2007 cewa Cicipu ya fi kusa da harsunan Kambari, ba na Kamuku ba kamar yadda aka daɗe ana rubutawa. Kuskuren ya samo asali ne daga suna, domin akwai wasu mutanen dabam a gabas da su ma ake ce wa Acipawa, nasu harshen kuwa dangin Kamuku ne.

Sai labarin Kisra. Mathews ya rubuta cewa sarautar Karishen tana danganta kanta da Kisra, sarkin nan da ake cewa ya fito daga gabas, wanda Busa da Illo da Nikki na ƙasar Bargu su ma suke jingina da shi. Phillips Stevens ya yi gargaɗi a 1975 cewa kada a ɗauki wannan labari a matsayin tarihin ƙaura na zahiri, kuma gargaɗin na kan daidai. Amfaninsa a nan dabam ne. Al'ummar da ta ruga kan dutse jiya don tsira ba ta da lokacin ƙulla wa kanta salsalar da za ta yi kafaɗa da kafaɗa da sarakunan Bargu. Mai irin wannan labari gidan sarauta ne da ke son a san shi.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, don nasa tarihin ma daga gindin dutse ya tashi. Kano ta girma ne a kewayen Dala, inda Barbushe ke hidimar Tsumburbura. Zazzau na da Turunku da Kufena. Kwatarkwashi a Zamfara ta shahara da dutsenta da Magironta. Ba wanda ya ce gudun hari kaɗai ya tara mutane a Dala, to don me za a faɗi haka a kan Karishen?

5.0 Zaman kan dutse

Kufan kan dutse a wannan yanki yana da alamomin da ba sa ɓacewa da wuri. Ginin laka yana narkewa cikin 'yan damuna, amma da'irar duwatsun da aka ɗora rumbu a kai tana nan. Ana jera su ne da tazara, a shimfiɗa itace ko falalen dutse a sama, sannan a ɗora ginin, don iska ta ratsa ƙasa, danshi da gara su rasa hanya. Ƙirga waɗannan da'irori kan ba mai bincike hasken yawan gidaje da yalwar hatsinsu. A kan falalen kuma akwai ramukan niƙa, masu santsi, dogaye, sau da yawa a jere kusa da juna. Ramin da ya yi zurfin tafin hannu a jikin dutse mai tauri ba aikin shekara goma ba ne. Jeruwarsu tana nuna cewa mata tare suke niƙa, wuri guda, kamar yadda ake haɗuwa a bakin rijiya. Akwai kuma katangun dutse marasa laka da ke tare ƙasa a gangare, da tsukin mashiga inda mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa.

Wahalar zaman a bayyane take. Manyan gonaki a ƙasa suke, don haka kowane dami na dawa sai an hau da shi. Ruwan da ya taru a kwarmin dutse ba ya kai ƙarshen rani, kuma mata ne ke biyan wannan farashi da wuyansu da kafaɗunsu. Mutanen da suka jure wa haka a shekarun da babu hari suna da wani dalili da ya wuce tsoro.

Dalilin yana cikin addini da sarauta. A Karishen, wadda mutanenta ke kira Korisino, fadar sarki, wanda ake kira Womo, a kan tsaunin take, kuma can ake yin manyan bukukuwan shekara. Sauran gidajen Acipawa suna ganin girman wannan tsauni, karin harshensa kuma shi ne ake ɗauka da daraja. Rahotannin Temple da na Gunn da Conant sun nuna yadda tsafin Magiro ya game yankin, daga Kamukawa har Dakarkari. Magiro dodo ne na kakanni, al'amarin maza ne zalla, mata da yaran da ba a shigar ba ba sa ganinsa sai dai su ji muryarsa. Ana yi masa yanka da zuba giyar dawa, ana neman damina mai albarka, ana kai masa ƙarar maye da ɓarawo. A aikace shi ne kotu kuma shi ne ɗan doka. Ikon dattawa a kan samari, da na maza a kan mata, a kansa ya rataya, kuma mai nazari bai kamata ya rufe ido ga wannan ɓangare don ƙaunar al'ada ba.

Aure ma da noma aka ɗaure shi. Sanannen misali shi ne golmo na Dakarkarin ƙasar Zuru, inda saurayi ke shiga ƙungiyar tsaransa su yi wa surukai noma har shekara bakwai kafin a ba shi mata, a yi bikin fitarsu lokacin Uhola. Noman surukai irin wannan ya yaɗu a tsakanin maƙwabtansu, ko da yake adadin shekaru da ƙa'idoji sun bambanta. Hikimarsa ta tattalin arziki a fili take: inda ƙasa ke da yawa hannu ya yi kaɗan, mai 'ya mace ba kuɗi yake nema ba, garma yake nema.

6.0 Saukowa

Ba rana ɗaya aka sauko ba, kuma ba dalili ɗaya ba. Da hari ya tsaya bayan 1901, kwana a bukkar gona ya daina zama kasada, bukka ta zama gida, gida ya zama unguwa. Harajin Turawa na kuɗi ne, kuɗi kuma a kasuwa yake, ta hanyar gyaɗa da auduga da man kaɗe. Hukuma ta fi son talakan da mai karɓar haraji zai iske ba tare da haki ba. Daga baya hanyar mota da makaranta da asibiti da famfon burtsatse duk a fili aka yi su. Addinai biyu sun ƙara nasu: 'yan mishan sun kafa tashoshi a Salka da Zuru tun shekarun 1920, Musulunci kuma ya bi fatake da malamai da auratayya, ya ƙara ƙarfi da rangadin musuluntarwa na Sardauna tsakanin 1963 da 1965. Wanda ya bar tsafi ya rage dalilin hawa.

A nan ne garuruwa irin su Kasuwan Garba da Mariga da Bangi da Beri suka shigo. Ranar kasuwa ce ke haɗa Bakamuke da Ba'acipe da Bafillace da Bahaushe, kuma harshen da ya haɗa su Hausa ne. Abin da ya canza ba samuwar kasuwa ba ne, tunda an ga tana nan tun zamanin ayarin Gwanja. Da, mutum kan sauko kasuwa ya koma sama ya kwana cikin harshensa. Yanzu a bakin kasuwar yake kwana, 'ya'yansa suna wasa da Hausa. Binciken McGill ya nuna kusan duk Ba'acipe yana jin Hausa, kuma harshen ya fi ƙarfi a ɓangaren Karishen, inda sarauta da bukukuwan tsauni suka fi tsayuwa. Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne: harshen Basa na ƙasar Kontagora, dangin wanda Koelle ya rubuta, ya riga ya kai bakin kushewa.

Iyakar jiha ta ƙara raba su. Karishen na ƙarƙashin Sakaba a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, Kumbashi da Kakihum da Maburya kuma suna Masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Al'umma ɗaya ce mai gwamnoni biyu da sarakunan yanka biyu, kuma a kowane ɓangare 'yan tsiraru ne.

7.0 Halin da ake ciki

A wasu wurare a Nijeriya an san darajar irin wannan gado. Sukur ta ƙasar Madagali a Adamawa, mai fadar Hidi a kan tsauni da gonakin matakala, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999. Mutanen Idanre a Jihar Ondo sun fara saukowa daga dutsensu a shekarun 1920, amma sun adana tsohon garin, suna hawa bikin shekara. Duwatsun Mariga da Sakaba ba su gaza waɗannan a ma'ana ba. Sun gaza su ne a samun masu rubuta su.

Matsalar tsaro ta zo ta tsananta lamarin. A 2021 kaɗai an sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, a Tegina a watan Mayu, a Birnin Yawuri a watan Yuni, duka a kewayen wannan yanki, kuma ƙauyukan Mariga da Sakaba sun sha hare-haren 'yan bindiga. Daji da dutsen da suka ɓoye kakanni daga mahara yanzu su maharan ke fakewa a cikinsu, jama'a kuwa gari suke gudu. Bikin da aka fasa shekara uku a jere yana iya rasa wanda ya san tsarinsa, domin ba a rubuce yake ba.

Auna kufai da haƙar ƙasa dole su jira lafawar ƙura, amma ɗaukar bayanan baka ba ya buƙatar jira. Dattawan da aka haifa a kan dutse, ko waɗanda iyayensu suka sauko da su a goye, da yawansu suna zaune yanzu a garuruwan da mota ke zuwa, har da Kontagora kanta. Ana kira ga sassan tarihi da na harsuna na Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa na Kaduna, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su tura ɗalibai 'yan asalin yankin su naɗi jerin sarakuna, da sunayen unguwannin kan dutse, da kalandar bukukuwa, da waƙoƙin niƙa daga bakin mata. A yi hirar da Cicipu da harsunan Kamuku, a fassara daga baya, kada a maimaita aikin tafintan 1926. Majalisun masarautun Kontagora da Zuru kuma su haɗa hannu su ba aikin izini da kariya, tunda tsaunukan bakwai a ƙasashensu biyu suke.